Muryar Bilyamin a Wayar Kawu Sambo

Wanda ya biyo hanyar Suki ya karya zuwa ƙauyenmu, Hillar Almu, zai ga wata rumfar kwano a bakin kasuwa, da farantin sola a kan rufinta. A nan Bilyamin yake wuni. Siriri ne, ya ɗan haura talatin, ba ya son hula, kuma idan ransa ya ɓaci yakan koma Larabci bai sani ba. A kakar bara Larabcinsa ya yi yawa.

Yana goye mahaifinsa ya rasu, sai ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Sambo, ya riƙe shi. Kawu Sambo manomi ne. Hawasharsa, wato gonar da yake nomawa a cikin filin ban-ruwa, tana can ƙarshen tura'a, babbar magudanar da ke ɗauko ruwa daga kogin Nilu. Duk wanda gonarsa take ƙarshe ya san shi ne na ƙarshen sha. A wannan gonar Bilyamin ya tashi, amma hannunsa bai taɓa son fartanya ba. Ya yi gyaran waya a kasuwar Sinja, ya yi karatun kwamfuta na yamma a Madani, daga baya ya samu aiki a wani kamfani da ke haɗa na'urar amsa kiran jama'a. Da yaƙi ya watsa mutane, ya dawo gida da matarsa Aminat, da 'yarsu Hadeel, da kwamfutarsa naɗe cikin zane a tsakiyar buhun kaya.

Ya tarar da maganar ruwa ta rikice. Injin tura ruwa da ke bakin kogi ba shi da lokaci, sai ranar da aka samu wuta ko mai. A da, Malam Yahya ne yake hawa jakinsa ya bi gida gida yana shaida wa kowa layinsa, amma Allah ya yi masa rasuwa a lokacin gudun hijirar. Aikin ya koma kan Jibril mai kula da injin, wanda ba zai iya riƙe sufana da hannu ɗaya yana kiran gari guda da ɗayan ba. Sai a saki ruwa a gonar da mai ita ya tafi kasuwa, ruwan ya fasa kunya ya malale a banza, wani kuma yana gida zaune layinsa ya wuce.

Bilyamin ya je gaban kwamitin manoma ya ce zai haɗa abin da zai kira kowa da kansa, a kan ƙaramar wayar da kowa ke da ita, ya faɗa masa lokacin ruwansa da Hausa. Ba saƙon karantawa ba, domin yawancin dattawanmu ido ya yi rauni. Magana ce za a yi da mutum, ya tambaya a ba shi amsa. In ya ce ya ji zai zo, a riƙe masa layinsa. In bai amsa ba, a miƙa ruwan ga na gaba, kada ya zube a banza. Kwamiti suka amince.

Ya taɓa bayyana mini yadda abin yake aiki, muna shan shayi a rumfarsa. Ya ce akwai manhajar da take kamar mai karanta takarda, ta fara daga sama ta gangara ƙasa, ko gobara ta tashi a bayanta sai ta kai aya. Tasa ba haka take ba. Zaune take tana jira, ba ta motsi sai wani abu ya faru. Jibril ya danna maɓalli daga bakin kogi, abu ya faru ke nan, sai ta fara kira. An ɗaga waya, wani abu ne. An ji murya, wani abu ne. Muryar ta tsaya, shirun ma abu ne da ya faru. Kowanne ya rubuta masa abin da za a yi nan take. Da ya rasa muryar na'ura mai Hausar da kunne zai ɗauka, sai ya naɗi tasa muryar gutsure gutsure, manhajar tana harhaɗawa.

Akwai doka ɗaya da ya fi alfahari da ita: da zarar mutum ya buɗe baki, na'ura ta yi shiru. A kamfani ya koyo ta, kuma ya ce ta fi dacewa da mu, tunda ba a magana a kan maganar babba. Ya gwada da kansa, ya gwada da samarin kasuwa, komai daidai.

Damina ta ɗauke da wuri a shekarar, dawa ta yi ciki, ga rana. Da aka samu mai, Jibril ya tada injin ya danna maɓallinsa, wayoyi suka yi ta ƙara a gari. Yawancin mutane sun sha. Kawu Sambo bai sha ba. Na'urar ta ɗauka bai amsa ba, ta miƙa layinsa ga wani, shi kuwa yana zaune a ƙofar gida yana gyaran igiyar gado. Waɗansu dattawan ma hakan ta same su, amma gonakinsu na kusa da gari, maƙwabta suka hango ruwa suka aika musu. A ƙarshen tura'a ba wanda ya hango wa Kawu komai.

Washegari da hantsi Bilyamin ya same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya tsuguna ya gaishe shi.

"Kawu, me ya hana ka amsa kiran?"

"Wa ya ce ban amsa ba? Kai ka kira ni, munka gaisa. Ka ce ruwa, na ce to. Sai ka yi tsit kamar wanda anka cusa wa tsumma a baki."

"Ba ni ba ne, Kawu, na'ura ce."

"Na san na'ura ce, ya zol, bawan Allah, ban haukace ba. Amma muryar wa ke ciki? Ta Jibril?"

Bilyamin ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma ya sa manhajar ta kira wayar Kawu, don ya gani da idonsa. Wayar ta yi ƙara, tsohon ya kara ta a kunne ya gyara zama.

"Salamu alaikum, Kawu Sambo. Ina kwana?" in ji muryar Bilyamin daga cikin waya.

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ina gajiya? Ya iyali? Ya ƙaramar?"

Na'urar ta jira ya gama, ta amsa da alhamdu lillahi, sannan ta ce, "Ruwa zai iso hawasharka..."

"To," in ji Kawu.

Shiru. Kawu ya karkata kai yana jira, cikin ladabi. Na'urar ita ma tana jira, domin an buɗe baki. Da shirun ya yi tsawo, ta koma farko: "Ruwa zai iso hawasharka..."

"Na'am."

Shiru kuma. Haka suka yi ta yi, har na'urar ta ce ba ta fahimta ba, ta yi sallama ta kashe. Kawu ya ajiye wayar a cinya ya dubi ɗan 'yar'uwarsa.

"Ka gani? Kullum ruwa zai iso, ruwa zai iso. Yaushe? Allah masani."

Bilyamin ya ce mini a lokacin ji ya yi kamar ya ɗauki kwamfutar ya jefa a tura'a. A wurinmu ba a sauraron mutum baki rufe. Yana magana kana cewa to, na'am, haka ne, don ya san kana tare da shi. Shi kansa haka yake yi wa Kawu tun yana yaro. Amma samarin da ya gwada da su sun saba da na'urorin kamfanoni, sun san ba a amsa musu, shi ma ya saba. Dokar da ya kafa don girmama dattijo ita ce dattijon yake kashe ta da ladabinsa.

"Kawu, don Allah, in ta fara magana ka yi shiru kawai har ta gama."

"In yi shiru? Ana yi mini magana in zuba ido kamar jaki? Haka na rene ka?"

Jibril ya ce za a sake ba ƙarshen tura'a ruwa sau ɗaya in mai ya zo, bayan wannan bai yi alkawari ba. Ganyen dawar Kawu ya riga ya fara naɗewa da rana. In wannan ruwan ya wuce shi, abincin shekarar gidan da ya reni Bilyamin ya tafi, kuma ta hannun Bilyamin.

Cikin sauri ya cire dokar gaba ɗaya. Yanzu na'urar za ta faɗi saƙonta har ƙarshe, komai aka ce mata. Ya koma gindin darbejiya ya sake gwadawa. Gaisuwa ta wuce lafiya, to na farko ya wuce lafiya, muryar ta ci gaba. Da ta ambaci azahar, Kawu ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Azahar ta yau ko ta gobe?"

Muryar ta ci gaba da bayanin yadda zai tabbatar da zuwansa.

"Na ce tsaya. Bilya! Ina magana kana magana?"

Ta ci gaba abinta, da muryar nan mai sanyi. Kawu ya kashe wayar, ya zura ta can ƙasan aljihun jallabiyarsa, ya tashi ya shige gida ko takalmi bai tsaya sawa ba. Daga ranar ya daina ɗaga kiran lambar. A masallaci in Bilyamin ya gaishe shi, lafiya kawai yake cewa, ba ya tambayar iyali.

Na ga Bilyamin a kwanakin da suka biyo baya. Wayoyin mutane da aka kawo gyara sun taru a teburinsa, yana zaune da abin ji a kunne yana zagin allo da Larabci. Aminat ta kawo masa abincin rana, ta tsaya ta dube shi.

"Baban Hadeel, kai ma dai. Ranar da injin ya tashi ka hau keke ka je ka faɗa masa da bakinka, shi ke nan."

"Sauran tsofaffin fa? In zama Malam Yahya mai kwamfuta a jaka? Ranar da na tafi Sinja sayen kaya fa?"

"To ka zauna kana faɗa da allo har dawar ta zama kara."

Bai ci abincin ba sai da ya huce.

Abin da ya dame shi shi ne, a wajen na'urar duk murya murya ce. To ɗin Kawu da tsaya ɗin Kawu abu guda ne ya faru: an buɗe baki. Dole ya raba su gida biyu, kuma cikin ƙiftawar ido, domin in na'urar ta tsaya tunani maganar ta riga ta wuce. Sai ya fara rufe rumfa bayan la'asar yana zuwa inda dattawa ke shan jabana, gahawarmu mai citta, a gefen masallaci. Yakan zauna daga baya. Ba labarin yake saurare ba, yana sauraron inda amsawar take faɗowa. Ya lura to gajere ne, ƙasa ƙasa, kuma yana sauka daidai inda mai magana ya ja numfashi. Mai son karɓe magana kuwa yakan ɗaga murya, ya ja ta da tsawo. Ya koma da murna ya rubuta: gajeriyar murya a wuce ta, doguwa a tsaya mata.

Murnar ba ta kwana ba. Ya roƙi wani dattijo maƙwabcinsa ya gwada, na'urar ta ce masa injin ya tashi, tsohon ya ce, "La ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullahi, yau kuma?" Na'urar ta ji doguwar murya ta yi tsit. Bilyamin ya dafe kai. Ga kuma shabaka, layin wayarmu, da ke yin yadda ta ga dama. Wani lokaci to ɗin da aka faɗa a farkon jimla sai ya iso ana ƙarshenta, abin da ya faru daga baya ya riga na farko isowa, na'urar ta amsa tambayar da ba a yi ba tukuna. Ya ce mini a kamfani ba su taɓa tunanin wannan ba, domin layinsu ba ya tuntuɓe.

A ƙarshe ya daina neman dokar da za ta raba su tsaf. Ya sa idan na'urar ta ji murya, kada ta tsaya, ta dai sassauta tata ta ci gaba, kamar yadda mutum yake yi. In muryar ta lafa, ta ɗaga tata. In ta dage, sai ta yi shiru ta saurara. Kuma in za ta ci gaba, ta ɗora daga inda ta tsaya, ba ta koma farko ba. Ya kuma juya saƙon, lokacin ya zo a gaba: yau bayan azahar, sannan sauran bayani.

Aminat ce ta gwada masa wannan. Ta ce tsaya, na'urar ta tsaya. Ta fara ba ta labari, ta yi nisa, sai ta cire wayar daga kunne ta duba.

"Alo? Ka mutu ne? Baban Hadeel, abin nan naka ina magana ya yi mini gum. Kawu zai ɗauka ka kashe, shi ma ya kashe."

Wato na'urar ma sai ta koyi amsawa. Ya naɗi kansa yana cewa to, na'am, madalla, ya sa ta riƙa jefa su a inda mai magana ya ja numfashi. A gwaji na gaba Aminat ta ce mata akuyar gidansu ta mutu jiya, na'urar ta ce madalla. Aminat ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya goge madalla, ya bar to da na'am.

Saura abu mafi wuya, wato Kawu ya yarda ya ɗaga waya. Bilyamin ya je da safe, ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya ba da haƙuri.

"Haƙurin mi? Ai ka ce ba kai ba ne."

"Muryata ce, Kawu."

Tsohon ya dubi hanyar gona. "Jiya na je. Gefen yamma ya ƙone. In wanga abu naka ya sake katse ni, rijiya zan jefa wayar, ka ji na faɗa maka."

"Bari in gwada maka yanzu ka ji."

"A'a. Na gaji da gwaji. Ranar ruwa ya kira."

Mai ya iso wata ranar Talata. Da hantsi Jibril ya danna maɓalli, Bilyamin yana rumfa yana kallon allo. Ya ga kira ya tafi wayar Kawu. Ya ga an ɗaga. Murya, amsa, murya. Gajeriyar murya, na'urar ta wuce. Wata gajera, ta wuce. Sai doguwar murya, na'urar ta tsaya. Daidai nan shabakar rumfar ta ɗauke, allon ya daskare. Bai san ko kiran yana tafiya ba, ko Kawu ya tabbatar, ko wayar tana ƙasan rijiya. Ya jijjiga kwamfutar, ya ɗaga wayarsa sama yana neman layi, ya faɗi wata kalmar Larabci da ta sa mai shayin kusa ya waiwayo. Sannan ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba, ya ja keke.

Bai samu Kawu a gida ba. Ya bi gefen tura'a yana taka keken da ƙarfi, ruwa yana gangarowa a gefensa ja da laka. Can wajen ƙarshe ya hango farar jallabiya. Kawu ne, fartanya a kafaɗa, waya a kunne, yana tafiya a hankali yana bayani.

"...to ka ga gefen yamma ba sauran amfani, can ba zan ɓata ruwa ba. Gabas zan fara buɗewa."

"To," in ji wayar.

"In ya ƙoshi in juya tsakiya."

"Na'am."

Bilyamin ya diro daga keke yana haki. "Kawu, ruwa! Bayan azahar..."

Kawu ya ɗaga masa hannu ko waiwayowa bai yi ba. "Kai, yi mini shiru. Ba ka ga ina magana da kai ba?"

Ruwan ya iso bayan azahar. Su biyu suka buɗe kunyoyin, Bilyamin da wandonsa na gari cikin laka har gwiwa. Gabas da tsakiya sun farfaɗo, sun yi zangarniya. Gefen yamma bai tashi ba, karansa aka yanka wa awaki, kuma duk lokacin da Bilyamin ya bi ta wajen yakan kau da kai. Kawu bai taɓa tada maganar ba, wanda hakan ya fi yi wa Bilyamin ciwo.

Har yanzu yana rumfarsa, kuma Larabcin bai ragu sosai ba. Yanzu matan da mazansu suka tafi ci-rani ne ke riƙe gonaki da yawa, su kuma in waya ta yi ƙara sai su buɗe muryarta a tsakar gida, kowa ta matso. Na'urar ta yi sallama, gida guda ya amsa, wannan na cewa to, waccan na tambayar azahar ta yaushe, wata na kiran yaro ya kori kaza. Ran nan na leƙa na same shi da abin ji a kunne, ya rufe ido, yana ƙoƙarin gane wace ce mai gonar a cikinsu. Na yi masa sallama, ya ɗaga mini hannu irin yadda Kawu ya ɗaga masa, sai na ja benci na zauna ina jira.